Daga Kaset Zuwa Wufa: Muryar Ƙaramar Mota a Hanyar Watari

Cikin ƙananan motocin da ke lodi daga Bagwai zuwa Bichi, su hau titin Katsina su shiga Kano ta Dawanau, da wuya a samu ɗaya da har yau take ɗauke da rediyon da kamfani ya ƙera ta da shi. Injin yana iya zama na asali ko da ya sha gyara, kujeru ma haka ko da an sake musu riga. Rediyo kuwa an daɗe da zare shi. A gurbinsa akwai wani baƙin akwati ɗan China mai fitilu shuɗi da ja, da ramin filash da na memori, wani lokaci har da 'yar takarda da aka ninke aka cusa a gefe don kada ya riƙa rawa in an faɗa rami. Duk wanda ya shekara talatin ko arba'in yana bin wannan hanya ya ga abubuwa iri-iri sun shiga gurbin nan sun fita, kuma kowanne da ya zo sai ya sauya abin da fasinja ke ji, ya sauya irin hirar da suke yi.

Gurbin kansa bai canza ba. Faɗinsa santimita 18, tsayinsa 5, ma'aunin da Jamusawa suka fara tsarawa aka mayar da shi na duniya a 1984. Shi ya sa mai wayarin a Bichi zai zare rediyon Jamus daga cikin Golf ya zura na Japan ko na China, ya zauna daram.

An gina madatsar ruwan Watari a ƙasar Bagwai tsakanin 1977 da 1980, lokacin da kuɗin man fetur ke yawo a ƙasa. Kamfanin Peugeot ya riga ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna tun 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji suka cika gidaje da kekuna da babura da rediyo. Noman rani da dam ɗin ya kawo shi ne ya ƙara wa hanyoyin Bagwai zirga-zirga, domin tumatir da albasa ba sa jiran kowa, in an tsinka yau dole gobe su kwana a kasuwa. Amma abin hawan da mutanen Kiyawa da Gadanya da Romo suka fi sani a wancan zamani shi ne akori-kura da bas. Ƙaramar mota ta hakimi ce, ko ta babban ma'aikaci, ko ta wani alhaji da ya zo daga birni duba gona. In aka buɗe ƙofarta murya ta fito daga dashbod, yara sukan taru su leƙa.

Wannan rediyo na kamfani yana kama matsakaicin zango, wato Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962 zamanin Sardauna, da Rediyon Kano. Sai dai tun a nan aka fara ganin cewa ba don kunnen Bahaushe aka ƙera shi ba. Bahaushe mutumin gajeren zango ne. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, na Jamus tun 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, kuma a lokacin dukkansu a gajeren zango ake samunsu. Yawancin rediyon mota ba su da shi, wanda ke da shi ma ƙarar fulogi kan cinye maganar muddin inji na aiki. Don haka direba mai son labaran duniya sai ya riƙa tafiya da ƙaramin rediyonsa na hannu cikin rigar fata. Lokacin labarai na yi ya gangara gefen titi, ko ya miƙa wa na gaban mota ya zaro eriya ta taga. A ranakun juyin mulki, irin na ƙarshen 1983 ko na Agustan 1985, wannan ɗan rediyo ya fi duk abin da ke cikin motar daraja.

Kaset ne ya fara ba direba iko a kan abin da za a ji. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai a ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980 ya cika kasuwannin Arewa, bayan rikoda ta yi araha. Kafin nan mai son waƙar Shata sai ya je inda ake da garmaho, ko ya zauna jiran a sako ta a shirin Zaɓi Sonka. Da kaset ya samu shiga mota, sai kowace mota ta yi halinta, har a tasha ana sanin direba da abin da yake sakawa. Wane na Shata ne, daga tashi har sauka kalangu. Wane ba ya rabuwa da gurmin Haruna Uji. Wani kukumar Garba Supa, wani kotson Ɗanƙwairo, wani kuma ƙwaryar Barmani Coge in matan biki ya ɗauko. Ɗanmaraya Jos, da ya yi wa karen mota waƙa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, yana da matsayi na daban a wajen mutanen tasha, don rayuwarsu ya faɗa. Da azumi ya kama kuwa sai tafsiri ya karɓe hanya, na Sheikh Abubakar Gumi ko na Malam Isa Waziri ko na Sheikh Ɗahiru Bauchi, gwargwadon inda zuciyar mai motar ta karkata. Daga baya kaset ɗin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya zo ya zagaye ko'ina, kuma bai daina yawo ba bayan kisan da aka yi masa a masallacin Ɗorayi a watan Afrilun 2007.

Kaset yana da wahalarsa, kuma direbobin wancan lokaci sun zama likitocinsa. In aka manta shi a kan dashbod da rana, a dawo a tarar ya lanƙwashe. In na'urar ta tauna zaren, sai a tsaya a jawo shi a hankali, a zura biro a ramin a naɗe, inda ya tsinke a liƙe da ɗan salatif. In murya ta fara dusashewa, an san kan da ke karanta zaren ya yi datti, sai a samo auduga da sifirit a goge. In kuma mawaƙi ya fara jan magana da nauyi, bel ɗin ciki ya saki. Akwai motocin da kaset ba ya fita da kyau a cikinsu sai an soka tsinken ashana a gefensa ya tokare shi. A Ƙofar Wambai ake kwafar kaset da yawa, dillalai su ɗauko su baza a kasuwannin ƙauye da bakin tasha, a kan katako ko a cikin baro, da rikoda a gefe tana gwaji.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne waɗancan kaɗe-kaɗe sun dace da waɗancan sifiku. Sifika biyu ce ta takarda, kowace ba ta fi tafin hannu ba, ba ta iya fitar da amo mai zurfi sosai. Amma waƙar Hausa ta gargajiya magana ce, kiɗa rakiya yake yi mata. Muryar mutum da kalangu da gurmi da kukuma duk a tsakiyar ma'aunin sauti suke zaune, daidai inda ƙaramar sifika ta fi ƙwarewa. Kuma tunda ba ta da ƙarfin da za ta danne kowa, sai waƙar ta zama abin hira. Wani dattijo a baya zai bayyana wane ne mutumin da ake wasawa, a wane gari yake, me ya ba mawaƙin. Wani ya warware habaicin da ya wuce matasa. In tafsiri ne, a yi ta muhawara har a manta an wuce Dawanau. Mutane shida ko bakwai da ba su san juna ba sukan sauka sun ji abu ɗaya, sun tofa albarkacin bakinsu a kansa. Yara da yawa daga ƙauyukan nan a cikin mota suka fara jin sunayen sarakuna da attajirai da garuruwan da ba su taɓa zuwa ba.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka da ma'aikaci, sai ƙasa ta koma kan motocin Kwatano. Su ne suka kai ƙaramar mota ƙauye da gaske. Golf, musamman ta uku da aka ƙera daga 1991, ta zama jakar hanya: mutum biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure kaya da igiyar roba. Amma kowace ta iso da rediyon da aka tsara wa wata ƙasa. Na Volkswagen yana da lambar sirri ta maganin ɓarayi. Ranar da aka cire kan batir don wani gyara, sai ya rubuta SAFE a fuskarsa ya yi gum, kuma takardar da lambar ke ciki tana can wajen mai motar na farko a Jamus ko Beljiyam. Rediyoyi masu kyau da yawa a haka suka mutu, lafiyarsu ƙalau. Na motocin Amurka kuma a matsakaicin zango goma-goma yake tsallakawa, alhali tashoshin nan tara-tara aka jera su, don haka mai neman Kaduna a kan 594 sai dai ya tsaya a 590 ko 600 ya haƙura da shashshaka. Na gwanjo da aka ciro daga motocin Japan yana tsayawa ne a 90 a zangon FM. Zai kama Rediyon Kano a 89.3, amma ba zai kai 99.5 ba.

Wannan lamba ta ƙarshe ta zama magana babba daga Disambar 2003, lokacin da Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye a kanta a Kano. Shirye-shirye irin su In Da Ranka da Kowane Gauta sun sa mutane suna son jin abin da ke faruwa a jiharsu da bakin 'yan jiharsu, da zafinsa. Wasu tashoshin suka biyo baya, Pyramid da Rahma da Dala da Arewa. Direban da rediyonsa ba ya kama su sai ya ga an bar shi a baya, fasinja ma suna tambaya. Mutane da yawa a lokacin ne suka fara zuwa wajen mai wayarin a sauya musu rediyo, kuma abin da suke nema bai wuce a ji magana garau ba, da eriya mai kyau da za ta jawo tashar Kano daga nesa.

Faifan CD bai yi dogon zamani a wannan hanya ba. Ƙura tana rufe idon na'urar, gargada tana sa waƙa tsalle, faifan kuma in ya zaga hannu biyu ya karce.

Wanda ya kashe kaset da gaske shi ne memori. Wayar salula ta shigo a 2001, kuma cikin 'yan shekaru wayoyin China masu ɗaukar memori suka isa kowane ƙauye. Aka samu sabuwar sana'a ta masu tura waƙa, matashi da kwamfuta a ƙarƙashin lema, a kasuwar waya ta Farm Centre ko a bakin kasuwar ƙauye, ya cika maka ɗan abin da bai kai farce ba da abin da a da sai an cika buhu da kaset. Da fari dabara aka riƙa yi wa tsohon rediyo. Akwai wani kaset na roba mai jela da ake soka wa waya. Akwai kuma 'yar na'urar da ake cusawa a ramin kunna taba, a sa mata memori, ita kuma ta watsa waƙar a zangon FM rediyon motar ya kama, wani lokaci har motar da ke gefe ta kama. Daga baya rediyoyin China marasa kaset marasa faifai suka zo da araha, sai Bluetooth, sai kuma masu allo irin na waya da kyamarar baya. An huta da biro da tsinken ashana, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma.

Sai dai a daidai wannan lokaci waƙar kanta ta sauya. Finafinan Hausa na bidiyo, da suka faro a Kano da Turmin Danya a 1990, sun koma kan waƙa da rawa a ƙarshen shekarun 1990, kuma kiɗan ya koma na fiyano, galibi Yamaha, daga baya na kwamfuta. Wannan kiɗa yana da gindi mai nauyi, bugu ne da ake so a ji a ƙirji. Waƙoƙin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da Ado Gwanja a sutudiyo aka haɗa su, da kunnen manyan sifiku. In aka saka su a tsohuwar sifikar Golf, wadda zafi ya riga ya cinye soson bakinta, sai ta riƙa kakari tana ɓarɓar. Daga nan wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da amo mai zurfi, ta samu ƙofa. Matasan A Daidaita Sahu a birni su suka fi kowa yayata ta, musamman bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, lokacin da babur mai ƙafa uku ya mamaye tituna, kowane da akwatinsa a bayan kujera. Abin da birni ya yi yau, gobe yana Bichi, jibi yana Bagwai.

Rumfar mai wayarin wuri ne da ya cancanci a zauna a kalla. Ga tarin tsofaffin rediyoyi a kusurwa, ga wayoyi kala-kala a rataye, ga ɗan ƙwan fitila mai jela biyu da yake gwada wuta da shi. Matashi zai faka mota ya ce, "Oga, wadda za ta buga nake so, in na shigo layi a san na shigo." In an yi dace da mai sana'a na ƙwarai, ba zai fara da wufa ba. Zai ɓalle murfin ƙofa ya duba sifikun da ke ciki, sau da yawa ya tarar ɗaya ta yage, ɗaya kuma wayarta ta tsinke a maƙogwaron ƙofa inda take lanƙwasa kullum. Zai ɗauko batirin tocila ya taɓa wa wayoyin kowace sifika, ya ga ko takardar ta turo waje ko ta shige ciki. Dole dukkansu su motsa gefe guda. In ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye amon juna, mai mota ya yi ta ƙara murya yana cewa ba ƙarfi, alhali waya biyu ce aka juya. Sannan zai yanko tsohon tub ko soso ya lilliƙa a inda ƙarfen ƙofa ke karkarwa. Wannan aiki kaɗai, da sifika biyu sababbi, yakan mayar da mota wata iri, kuma kuɗinsa bai kai rabin na wufa ba.

Amma ba kowa ke son jin haka ba, domin kwalin da ke rataye a shagon Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa an rubuta masa wat 1000 ko 2000 da manyan haruffa, wani ma da sunan Pioneer ko Kenwood ko Sony wanda kamfanin bai san da shi ba. Waɗannan lambobi na talla ne. Rediyon da aka rubuta wa 50 sau huɗu, abin da yake bayarwa tsakani da Allah kafin murya ta fara fashewa bai cika wuce wat 15 zuwa 20 a kowace sifika ba. Kuma kunne ba ya lissafi irin na kasuwa: in aka ninka ƙarfin wuta sau biyu, ƙarin da ake samu desibel 3 ne kacal, sai an ninka kusan sau goma kafin mutum ya ji ƙarar ta ninku. Wutar kuma daga wani wuri take fitowa. Amfilifaya mai bayar da wat 300 na gaskiya tana iya jan amfiya 30 ko fiye in an ƙure ta, alhali altanetar ƙaramar mota irin Golf 70 zuwa 90 take bayarwa tana sabuwa, kuma ita ke riƙe da fitilu da fanka da cajin batir. Shi ya sa ake ganin fitilar wata motar tana lumshewa tare da bugun kiɗa da daddare, da safe kuma a nemi yara su tura.

Mafi hatsari shi ne wayar da ake jawowa daga batir zuwa but, inda ake ajiye wufa. Tana bukatar kauri, ta jan ƙarfe ta gaske, da fis a kusa da kan batir, bai fi taƙi guda ba. Mai neman sauƙi yakan sa siririya, ko wadda cikinta alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, ya bi da ita ƙarƙashin kafet ba fis. Ranar da ƙarfen kujera ya goge rigarta, wuta ce za ta tashi a ƙarƙashin ƙafar fasinja, a motar da sau da yawa akwai galan ɗin fetur a bayanta. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai tana iya ci.

A ƙasar Watari akwai wani abin da ke taka wa wufa birki wanda babu shi a birni, wato but. Akwatin wufa, wanda kafinta ke haɗawa da katako a lulluɓe da kafet, yana cin wurin buhun shinkafa guda ko kwandon tumatir. Ga direban haya da ke jigilar kayan lambu zuwa Badume ko 'Yankaba, wannan wuri kuɗi ne a kowane sawu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, lissafin ya ƙara tsauri. Hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017 ya riga ya sa tsohuwar mota ta zama abin lallaɓawa. Don haka direban da iyali ke jiransa yakan tsaya a kan rediyo mai memori, da sifika biyu masu siffar ƙwai a katakon baya, da ramin cajin waya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garuruwan da wutar lantarki ke yin kwanaki ba ta leƙo ba. Fasinja na shiga, kafin ya gama gaisawa ya miƙo waya.

Masu wufa na gaske su ne matasan da suka samu kuɗin rani suka sayi mota ta kansu, da kuma waɗanda sautin ne sana'arsu. Motar kai amarya tana bukatarsa. Mai tallan maganin gargajiya yana ɗaura lasifika a kan rufi ya zagaya ranar kasuwa. Lokacin zaɓe kuwa, tun daga 2015 da waƙoƙin Rarara suka cika gari, kowace jam'iyya tana hayar ƙananan motoci a ɗora musu manyan sifiku da janareta su bi ƙauye-ƙauye. Haka masu shelar rigakafi da masu gayyatar Maulidi ko wa'azi. Waɗannan da mutanen waje suke magana, kuma suna da hujjarsu, ko da yake wasu masu maganin suna furta kalaman da bai kamata a ji a gaban yara da surukai ba.

Inda abin ya fi damun mai tunani shi ne cikin motar haya. A da rediyo ba shi da ƙarfin hana magana. Yanzu yana da shi, kuma maɓallin yana hannun mutum ɗaya. Tsohuwa mai ciwon kai da aka ɗauko zuwa asibiti, da mai jego da jariri a cinya, da malamin da ke son yin lazimi, duk suna zaune kansu na jingine da sifikun da aka dasa a katakon baya, direba kuwa yana can gaba inda ƙarar ta fi sauƙi, yana ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na sa'a 40 a mako shi ne iyakar da kunnen babba ke ɗauka lafiya, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 95 abin da ya rage sa'a ɗaya da kwata ne a mako. Direban haya yana wuce sa'a 40 a mota kowane mako, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ga kuma hon na babbar mota, da ihun mai shanu a bakin hanya, da ƙarar taya ko bel da ke gaya wa direba akwai matsala, waɗanda duk kiɗa ke rufewa. Allon da ake kunna fim a kansa mota na gudu ya fi wannan muni, domin shi ido yake ɗaukewa.

Duk da haka ladabin hanya bai mutu ba, kuma adalci ne a faɗa. Har yanzu in dattijo ya ce, "Yaro, ɗan rage mana," yawancin direbobi sukan ce, "To Baba," su rage. In an ji kiran salla ana kashewa, haka in an ci karo da masu ɗauke da gawa. Da safe da yawa sukan fara da karatun Alƙur'ani, na Alaramma Ahmad Sulaiman ko na limaman Harami, sai rana ta ɗaga a koma labarai, waƙa kuma sai an juyo. In Hajiya a baya ta ce, "Malam direba, wannan waƙar ba ta dace ba, da yara a motar," akan sauya ba gardama. Abin da ya ragu shi ne sauraron tare. Rabin fasinja yanzu kowa da abin da ya toshe kunnensa da shi, wani kuma yana kallon TikTok a fili, sautinsa na karo da na direba. Ranar da Kano Pillars ke wasa, ko ake jiran sakamakon zaɓe, ko aka sako wani zazzafan shirin siyasa, a ranar ce motar ke komawa majalisa guda, kowa ya cire abin kunnensa ya ce a ƙaro.

Akwai kuma wata asara da ake yi a hankali. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma shahararrun waƙoƙinsu sun tsallaka zuwa memori da YouTube. Waɗanda ba su tsallaka ba su ne kaset ɗin da aka ɗauka da rikoda a nan gida: makaɗan noma a wajen gayya, kiɗan ƙwarya a bikin wance, dambe da kokawa bayan kaka, wa'azin wani malamin ƙauye da ba a taɓa sa shi a rediyo ba. Irin waɗannan direbobi ne suka fi yawo da su, su ara wa juna, su kwafa. Da yawa suna nan a cikin kwalaye da tsofaffin akwatuna a gidajen tsofaffin direbobi a Bagwai da Bichi da Tsanyawa, zafi da ƙura na cinsu, na'urar da za ta karanta su kuma kullum ƙara wuya take, don masu wayarin sun daina ajiye bel da kan kaset. Aikin kwafe su bai fi rikoda mai lafiya da waya ɗaya da kwamfuta ba, kuma matasan da ke tura waƙa a bakin kasuwa sun iya shi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da sashen nazarin harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero suna da masanan da za su tantance abin da aka samo, su rubuta sunan makaɗi da garinsu da lokacin da aka ɗauka, tun masu iya gane muryoyin suna raye.